Abin da ke Kwance a Firij ɗin Abu

Kwana tara Abu ta yi tana ɗauke da wata magana a cikinta, ba ta faɗa wa kowa ba. Da ita take tashi, da ita take dama kunu, in ta kai goshi ƙasa a salla ma maganar na nan tokare a ƙirjinta. Ba kisa ta yi ba, ba sata ta yi ba. Wata 'yar roba ce ta ɗauka daga wannan gefe na firij ta mayar wancan gefe. Iyakar abin da ta yi ke nan.

Abu a Zuru take zaune, shekara shida da rasuwar mijinta. Firij gare ta mai aiki da sola, da shi take sana'ar zoɓo da kunun aya da ƙanƙara. Gefe biyu ne da shi, ɗaya na sanyi kawai, ɗaya na daskarar da ruwa. 'Ya'yanta duk sun yi aure sun watse, saura autarta Surayya, mai shekara ashirin da uku, wadda ta yi karatun aikin gona take aiki da wata ƙungiyar manoma.

Aikin nata, Abu ta daɗe kafin ta gane shi. Wai wasu ƙananan zanzaro suke kiwo, ƙanana har ido bai cika ganinsu ba. Idan aka sake su a gonar masara, sai su bi ƙwan tsutsar nan mai cinye masara, su huda shi, su saka nasu ƙwan a ciki. Ɗan zanzaron ya cinye abin da ke ciki, tsutsa ba ta fito ba ke nan, manomi ya huta da feshi. To kafin a kai su gona sai an yawaita su, kuma ba sa haihuwa sai a cikin ƙwan wani ƙwaro. Shi ya sa ake kiwon ƙwaron hatsi, mai fukafukan nan da ke tashi in an buɗe tsohon rumbu. A tara ƙwansa, a manna a jikin kati da ƙaro, a ajiye a sanyi ya yi barci har ranar da za a ba zanzaron.

Irin ƙwaron da suka fara kiwon da shi, Surayya ce ta samo. Rumbun marigayi babanta da ke tsohuwar gonarsu ta hanyar Manga, wanda ba a buɗe ba tun rasuwarsa, shi ta je ta buɗe, ta kwaso ragowar dawar da ta lalace da ƙwarin da ke cikinta.

Da firij ɗin ofishinsu ya lalace tsakiyar damina, sai ta shigo gida da roba mai murfi a rungume.

"Inna, amana na kawo miki. A gefen sanyi za ta zauna, ban da gefen ƙanƙara. Kuma kar ta kwana a waje. In suka yi kwana uku ba sanyi ƙyanƙyashewa za su yi, zanzaro kuma ba ya son wanda ya ƙyanƙyashe."

Gladys maƙwabciyarsu, matar wani tsohon soja, tana zaune tana tsince wake. Ta leƙa robar ta ga kati jere, kowanne kamar an barbaɗa masa garin gero.

"Maman Surayya, wannan ne ƙwan? To yaushe za ki soya mana?"

Aka yi dariya. Ita ce dariyar ƙarshe da Abu ta tuna an yi a gidan.

Bayan kwana biyu Surayya ta tafi Manga duba gonakin da za a kai wa zanzaron, za ta kwana biyu can. Hadari kuwa ya rufe garin, kwana uku rana ba ta leƙo ba, batirin sola ya yi rauni. Dab da magariba Abu ta sa hannu a gefen sanyi ta ji zoɓonta ya fara ɗumi.  Amanar yarinya ce, wata biyar tana wahala a kanta. Ta tuna an ce ban da gefen ƙanƙara, amma ta ce a ranta, ai sanyi da yawa ya fi babu. Ana kiran salla, tana sauri, ta ɗauki robar ta cusa tsakanin ƙullin ƙanƙara ta rufe.

Abu fa mace ce mai kiyayewa. Tun tana yarinya kakarta ta koya mata cewa akwai waɗanda muke zaune da su ba ma ganinsu, 'ya'yansu na wasa a bakin makwarara, don haka ba a zubar da ruwan zafi sai da bismillah. Shekara hamsin ba ta taɓa mantawa ba. Amma ba wanda ya taɓa yi mata maganar sanyi. Ran nan ko bismillar ba ta yi ba.

Kwana biyu robar ta yi a nan. Da rana ta fito, Abu ta mayar da ita wurinta, ta goge raɓar da ke jikin murfin da bakin zanenta. Surayya ta dawo ta duba, ba ta ga komai ba. Abu ta ci gaba da ƙulla zoɓonta.

Yammacin ranar suna zaune a tsakar gida, tuwo na kan wuta, kaji sun shige akurki. Gari ya yi tsit irin na bayan ruwa. Sai wani abu ya faɗo kan kwanon ɗaki. Ƙwas. Suka ɗaga kai. Can sai wani, sai wani, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, kamar mai jifan yana jira a amsa masa. Ɗaya ya gangaro ya tsaya gaban tabarmar Abu. Tsakuwa ce irin ta kan dutse. Ta ɗauka, ta yi maza ta sake ta. Sanyinta har cikin ƙashi.

"Yaran unguwa ne," in ji Surayya.

Abu ta dubi tsakuwar. Ta san yaran unguwa ba su da inda za su samo dutse mai sanyin nan.

Haka aka yi kwana huɗu. Da an yi kiran magariba jifa zai fara, da an idar da isha'i ya tsaya. Gladys ta sa mijinta ya zagaya bayan katanga da tocila, bai ga ko sawun akuya ba. A rana ta biyu wani abu ya ƙaru. Cikin gurnanin firij, in ka kasa kunne sosai, akwai wata 'yar murya siririya, irin kukan jaririn da ya gaji da kuka. Surayya ta ce injin ne, gas ya yi ƙasa. Abu ta goyi 'ya'ya bakwai, ta san abin da kunnenta ya ji. Ta riƙa ɗaukar zoɓo ba ta kallon gefen da robar take. Tana sallamar masu saye, tana amsa gaisuwa, tana jin kanta kamar wata ce can take yin waɗannan abubuwa, ita tana gefe tana kallo.

A rana ta biyar kukan ya tsaya. Jifa ma bai zo ba. Abu ta zauna kan tabarma tana jiran ƙarar kwano har aka yi isha'i, shiru. Wallahi shirun nan ya fi jifan nauyi.

Da safe Surayya ba ta tashi ba. Idonta biyu, tana kallon rufin ɗaki, jikinta sanyi ƙalau kamar randa. Ba zazzaɓi, ba ciwon kai. In an ɗaga hannunta, inda aka sake shi nan zai tsaya. Aka kai ta asibiti, aka auna jini, aka auna komai, aka ce ba a ga wani abu ba, a ba ta hutu. Aka dawo da ita. Abu ta lulluɓa mata bargo biyu, ta hura gawayi a kasko ta ajiye gefen gado. Yarinyar da ba ta iya shiru ko tana cin abinci, ga ta kwana biyu ba ta ce uffan ba. Abu ta so ta yi kuka, ta nema, ba ta samu ba. Zama kawai take yi riƙe da ƙafar 'yarta tana murzawa, ƙafar ba ta ɗumi.

Yammacin kwana na biyu Gladys na bakin ƙofa, sai Surayya ta juyo da kai a hankali ta dubi uwarta. Muryar da ta fito ba tata ba ce. Ta tsohuwa ce, a shaƙe.

"Ke. Kin ji daɗin murza ƙahwar taki ɗiyar?"

Gladys ta ja da baya tana kiran sunan Yesu. Daga can ta ce, "Maman Surayya, wannan ba na asibiti ba ne. Ku kira malaminku. Ni ma zan yi addu'a a nawa ɗakin."

Nagoggo, ƙanen mijin Abu, shi ya hau babur har Bena ya ɗauko Malam Usaini. Ranar Talata suka iso bayan la'asar. Dattijo ne siriri, ba ya ɗaga murya, ba ya ɗauke da komai sai carbi da 'yar butarsa. Ya yi alwala, ya zauna daga gefen kan yarinyar, ya sa Abu ta riƙe ta. Ya fara karatu a hankali, Fatiha, Ayatul Kursiyyu, ya shiga Suratul Jinni. Hasken rana na janyewa daga bakin ƙofa. Can jikin Surayya ya fara rawa, haƙoranta na haɗuwa.

"Ya isa, Malam. Ba kai niz zo nema ba."

"Wace ce ke?"

"Sunana ba shi yi maka amfani."

"Musulma ce ke?"

"Ina salla tun kakanka bai iya tsarki ba."

"To kin san zalunci haramun ne. Mi yarinyar ga ta yi miki?"

 Ana jin gurnanin firij daga rumfa.

"Rumbun ga da ta buɗe, gidana na. Shekara shida ina ciki, ban taɓa kowa ba. Ƙwarin da ta kwashe, garkenmu na, kamar yadda kuke da awaki. Ta shigo ba sallama ta kwashe. Na yi haƙuri. Amma ɗiyata ƙarama ta saba wasa da su, ta bi su. Wata biyar ina zuwa ina ganinta inda suke kiwon, ina lallashinta ta dawo, ta ƙi. Ran da anka zo tara ƙwai ta ji tsoron mutane, ta ƙanƙance ta shige cikin guda. Anka manne ta ga takarda, anka sa ta cikin akwatin sanyi."

"Yarinyar ba ta sani ba," in ji Malam.

"Na san ba ta sani ba. Wancan sanyin na farko ɗiyata na iya jimre shi, barci kawai takai. Tambayi uwar gidan ga inda ta mai da ta."

Malam ya dubi Abu. Nagoggo ma ya dube ta daga bakin ƙofa. Abu ta ji bakinta ya buɗe, maganar kwana tara ta fito da kanta, ba hawaye, ba rawar murya, kamar tana ba da labarin wata. Ta faɗi hadarin, ta faɗi batirin, ta faɗi ƙanƙarar.

"Gyara na so in yi," ta ce. "Wallahi gyara na so in yi."

"Kuna tsoron zuba muna ruwan zahi," in ji muryar. "Ruwan zahi na ƙona mu, mu warke. Mu da wuta anka yi mu, Abu. Kin taɓa ganin abin da ƙanƙara ka yi wa garwashi? Kwana huɗu tana kuka ina jihwar kwanonki ki buɗe. Kin ji ta. Na ga kin ji ta. Yanzu ta bar kuka."

Abu ta sunkuyar da kai. Hannun 'yarta na cikin nata, sanyi.

"Ki shiga ki ɗauko abinki mana," in ji Malam.

"In na iya kusantar akwatin ga, da ka gan ni nan?"

"To wane ƙwan ne? A cire miki shi."

"Da tana kuka da na gane. Sun fi dubu nawa, duk kamarsu ɗaya. Kuma na ji abin da yarinyar ga ta ce. Ran Asabar za ta ba zanzaronta su, su huda kowane guda su ci abin da ke ciki. Aikinta ke nan, koya wa wani shiga gidan wani shi ci daga ciki. To ni ma na shiga. Ɗiya ga ɗiya. Tawa na sanyi, taku na sanyi."

Malam Usaini bai yi fushi ba. Ya tofa a ruwa ya shafa a goshin yarinyar, ya ci gaba da karatu, ya daɗe, har muryar ta koma nishi.

"Bari, Malam, bari. A ba ni robar yanzu in tahi."

"Ba tawa ba ce, ba ta uwarta ba ce. Amanar mutane ce a hannun yarinyar ga, ke kuma kin riƙe mata hankali. Wa za a tambaya? Ki hita tukuna."

"In na hita za ku manta da ni."

"Ki hita don tsoron Allah, ba don ciniki ba."

 Aka fara kiran magariba a masallacin unguwa. Sai da ladan ya kai ƙarshe muryar ta dawo, ta yi laushi, har ta fi ban tsoro.

"Zan hita. A kai robar rumbuna, duka, ba a rage ko guda ba, a buɗe murhin a bar ta kwana uku. In da sauran rai gare ta, ɗumin gida zai tashe ta. Na ba ku zuwa magaribar Juma'a. Ke Abu, ba Malam nike roƙo ba. Ke uwa ce."

"Ta ina za ki hita?"

"Ta ƙaramin yatsan ƙahwar hagu."

Ƙafar ta miƙe, ta yi rawa, ta saki. Surayya ta yi atishawa sau uku. Abu ta ji ɗumi na dawowa cikin hannun da take riƙe da shi, a hankali, daga tafi zuwa yatsu.

"Inna," in ji Surayya da muryarta ta kullum, "yunwa nake ji. Wa ya sa mini bargo biyu cikin wannan zafi?"

Da Malam zai tafi, Abu ta bi shi har zaure ta durƙusa.

"Allah gafarta Malam, in kai mata?"

Ya daɗe yana jan carbi.

"Aljanu na da ƙarya, Malama Abu, sun fi mu iya ta. Ta yiwu babu wata ɗiya. In kuma kun saba ba su abin da suka nema, gobe wani abu za su nema. Amma in gaskiya ta faɗa, an ɗauko abin wani, kuma mayar da abin wani wajibi ne. Ni na fitar da ita, iyakar abin da Allah Ya ba ni ke nan. Abin da ke cikin ƙwai, ban gani ba. Ku riƙe azkar safe da yamma."

Washegari Abu ta zaunar da 'yarta ta gaya mata komai, har da ƙanƙarar. Surayya ba ta tuna ko ɗaya ba. Ba ta yi faɗa ba. Ta tashi ta ɗauko gilashinta mai ƙara girman abu, ta zaro kati ɗaya ta duba a bakin haske, ta zaro wani.

"Wasu na gefe sun motse, amma yawancinsu lafiya lau. Robar mai kauri ce. Za su yi, Inna."

Abu ta ji wannan ita ce magana mafi nauyi da aka gaya mata. Da sun lalace, da ta yafa mayafi ta kama hanyar rumbu.

"Auta, ki bar ni in kai mata."

"Inna, zanzaron da ke ofis kwanansu kaɗan ne a duniya. In ba su samu ƙwai ran Asabar ba, sun mutu ba su bar baya ba, kuma ba mu da wasu ƙwan sai waɗannan. Gona arba'in da biyu a Manga ba su yi feshi ba saboda maganata. Baba Joel da bakinsa ya ce mini, 'yata, na ba ki masarata. In ce masa me?"

"Ki ce masa uwarki ce ta ɓata."

"Shi zai ci wannan maganar da iyalinsa har baɗi?" Ta mayar da katin ta rufe robar. "Na yarda akwai aljanu, Inna, suna cikin Alƙur'ani. Amma tsutsar ma akwai ta. Na gan ta da idona a cikin kunnen masara."

Abu ta yi tunanin raba katin biyu, rabi rumbu, rabi ofis. To in ɗiyar aljanar na cikin rabin da aka bari fa? Nagoggo ya ce a ba shi robar kawai, masara ai ana sake shukawa, mutum fa? Gladys ta ce ita ba ta san abin da za ta ce ba, ƙanwarta na aure a Manga, gonarsu na cikin arba'in da biyun.

Yau Alhamis. Jifa bai dawo ba. Surayya ta ci abinci, ta yi wanka, ta tafi ofis shirya kwalaben zanzaronta. Da za ta sa takalmi Abu ta ga ta ɗan tsaya tana matsa ƙafar hagu. Abu ta sunkuya ta taɓa. Duk jikin yarinyar da ɗuminsa, ban da ƙaramin yatsan nan. Surayya ta ce ba ya ciwo, ba ta dai jin sa ne.

Tana fita ta waiwayo.

"Inna, na bar miki amanata. Na san ba za ki taɓa ba."

Abu na zaune a rumfa tun ɗazu, masu sayen zoɓo sun yi sallama sun gaji sun tafi. Daga nan zuwa tsohuwar gonar bai fi tafiyar rabin awa a babur ba. In ta kai, ta ci amanar 'yarta da hannunta, ta jefa gida arba'in da biyu cikin yunwa, wataƙila a kan ƙaryar aljana. In ba ta kai ba, gobe da magariba za ta zauna ta zuba wa 'yarta ido.

Ita ba ta yi karatu mai zurfi ba, kanta ya tsaya, ko tsoron ma ta daina ji. Ku da kuka karanta wannan, akwai iyaye a cikinku, akwai malamai, akwai manoma. Don girman Allah ku gaya mata, ta kai robar ko ta bar ta?